Loki Da Farkon Wasannin Kwamfuta A Kan Linux

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan kawo muku tarihin wani kamfani da ya zuba jarinsa a kasuwar da ba ta gama ci ba.

A 1991 ne wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa zai iya ɗauka kyauta ya buɗe cikinta ya gyara. Masana suka yi mata caa, amma mai son wasa sai dai ya koma DOS ko Windows. A 1994 Dave Taylor, ma'aikacin kamfanin id Software, ya juya wasan Doom ya hau Linux, jama'a suka ga ashe abin zai yiwu.

To, sai ga wani lauya, Scott Draeker, ya kafa kamfanin Loki a Kalifoniya ta Amurka a 1998. Sana'arsu ita ce su biya masu wasa kuɗin izini, su juya wasan ya dace da Linux, su sa a kwali su sayar. Sun fara da Civilization: Call to Power a 1999, daga baya suka kawo Quake III Arena da SimCity 3000. Aiki kam ya yi kyau. Matsalar ita ce yawancin wasannin sun riga sun fito a Windows, kuma da yawa daga masu Linux suna da Windows a gefe guda na kwamfutarsu, sun saya tuntuni. Wa zai biya kuɗin abu ɗaya sau biyu? Ni dai da nake buga littafi na san wannan ciwon: ka biya maɗaba'a, kaya na jibge, kowa na yabo, ba mai sa hannu a aljihu. A 2001 Loki ya bayyana karyewar jarinsa, a Janairun 2002 ya rufe.

Sai dai kayan aikin da suka yi amfani da su a buɗe suke ga kowa. Akwai OpenAL na sarrafa sauti, akwai kuma SDL na Sam Lantinga, babban mai rubuta manhajarsu, wanda ke haɗa wasa da allo da sauti da madannai. Lantinga ya koma kamfanin Valve, wanda ya kawo shagonsa na Steam kan Linux a 2013, ya kuma fitar da na'urar wasa ta hannu, Steam Deck, a 2022. Linux ce a cikinta.