Yadda Harbin Bara Ya Kai Ga Talakawan Ingila

A ƙasar Ingila akwai wani wasa da ake kira harbin bara. Allo ake kafawa can nesa, a zana masa da'ira cikin da'ira da baƙin ɗigo a tsakiya, sa'an nan maharba su kwanta rub da ciki su yi ta aunawa. Wanda harsashinsa ya fi kusantar tsakiya shi ya ci. Masu wannan wasa suna da ƙananan jam'iyyu, watau kulob, a birane da ƙauyuka, kuma tun farkonsu babu abin da ya fi damunsu kamar samun sababbin mutane. Gama harbi ba kamar tamaula ba ne, da yaro zai ƙunsa tsumma ya shiga fili. Sai da bindiga da harsashi, da fili mai tsawo, da kuma wanda zai tsaya a kan mutum ya koya masa.

Tsoro ne ya haifi wasan. Cikin shekara ta 1859 mutanen Ingila suka ɗauka Sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, yana shirin ƙetaro teku ya faɗa musu. Sai Gwamnati ta ba da izini a kafa rundunonin 'yan sa kai, watau mutanen gari masu sana'arsu waɗanda za su riƙa koyon aikin soja bayan sun tashi aiki. A ƙarshen shekarar aka kafa Babbar Jam'iyyar Harbi ta Ƙasa domin a riƙa yi musu gasa. Ran 2 ga Yuli, 1860, aka buɗe gasa ta farko a filin Wimbledon, kusa da Landan. Sarauniya Biktoriya da kanta ta yi harbin farko. An ɗaure bindigar a kan wani ƙarfe, an daidaita ta, an sa wa kunamarta igiyar siliki. Sarauniya ta ja igiya, harsashi ya tafi yadi 400 ya sauka dab da tsakiyar allo. Ta kuma sa kyauta ta fam 250 ga wanda ya fi kowa. Wani saurayi Edward Ross shi ya fara cinye ta. A zamanin nan leburan gona ba ya haɗa fam 50 a shekara, saboda haka kuɗi ne masu tsoka ƙwarai.

Amma fa leburan gona ba shi da hanyar kai hannu gare su. Kyautar Sarauniya ta 'yan sa kai ce kaɗai, ɗan sa kai kuwa da fari shi ke ɗinka wa kansa kayan sarki, ya kuma sami sukunin barin aiki ya tafi fili. Bindigar soja tana kai harsashi fiye da mil guda, don haka filin koyo sai a bayan gari nesa da gidaje. Ko Wimbledon ɗin ma da gidaje suka matso ta, tilas aka tashi cikin 1890 aka koma Bisley, kimanin mil 30 daga Landan. Mutumin da ke masaƙa tun asuba har magariba, ina ya ga kuɗin jirgin ƙasa da na harsashi?

Yaƙin Bowa ne ya tona wannan rauni. Bowa Turawa ne manoma mazauna Afirka ta Kudu, waɗanda suka tashi da bindiga a hannu tun suna yara. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Ingila cikin 1899, suka riƙa ɓuya a duwatsu da ramuka suna ɗauke sojan Sarauniya daga nesa. Cikin mako guda na watan Disamba suka ci rundunar Ingila sau 3, har ɗan Lord Roberts, babban jarumin ƙasar, ya rasu a cikin waɗannan faɗace-faɗace. Aka tura uban ya karɓi shugabancin yaƙin. Labari ya iso gida, hankalin jama'a ya tashi. Cikin 1900 Firayim Minista, Lord Salisbury, ya yi jawabi yana kiran mutane su kafa kulob na harbi ko'ina, yadda kowa zai koyi riƙon bindiga ba tare da ya yi nisa da gidansa ba.

Faɗa da baki ba wuya. Abin da ya sa maganar ta tabbata shi ne wata 'yar ƙaramar bindiga wadda kaurin harsashinta bai kai rubu'in inci ba. Ba ta da ƙara mai yawa, ba ta bugun kafaɗa, harsashinta kuwa da araha. Yadi 25 ya ishe ta. Ke nan ana iya yin fili a ɗakin taron ƙauye, ko ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ko a wani lungu na masana'anta, a kunna fitila a yi harbi da dare bayan an tashi aiki. Cikin 1901 aka yi taro a Landan aka kafa jam'iyyar da za ta haɗa irin waɗannan kulob, aka sa mata suna Jam'iyyar Kulob na Harbi na Ma'aikata, Lord Roberts ya zama shugabanta. Sunan kansa kira ne ga talaka. Ta sake suna cikin 1903 da kuma 1947, tana nan har yanzu.

Wani abin misali shi ne na Arthur Conan Doyle, marubucin labarun Sherlock Holmes. Likita ne, ya kuwa yi aikin asibiti a fagen yaƙin Bowa, ya ga abin da idonsa. Da ya komo gida cikin 1900 sai ya gyara fili na yadi 100 a gidansa da ke Hindhead, ya tanadi bindigogi, ya buɗe wa mazajen unguwa ƙofa. A ƙasar da mai gida da bara ba su saba zama kan benci ɗaya ba, ba ƙaramin abu ba ne a ga mai kanti da mai tuƙa keken doki da mai dukiya sun kwanta a layi guda suna auna allo guda.

Shigo da baƙo daban, riƙe shi daban, kuma a nan ne kulob suka nuna hikima. Sabon shiga ba ya sayen kome. Akwai bindigar kulob da ake ara masa, akwai wani tsohon hannu da zai durƙusa kusa da shi ya nuna masa yadda ake kwanciya, da riƙe numfashi, da matsa kunama a hankali ba fizga ba. Kafin a ba shi harsashi sai ya haddace dokar fili: ba a juya bakin bindiga wajen mutum ko da babu kome cikinta, ba a kuwa taɓa ta in wani ya tafi wajen allo. Bayan haka aka raba maharba aji-aji, domin in aka haɗa ɗan koyo da gwani kullum, ran nan zai sha kaye, gobe ya sha, jibi ba za a gan shi ba. A ajinsa kuwa yana iya ɗaukar ɗan cokali na azurfa ya kai gida ya nuna wa iyali. Wata dabara kuma ita ce gasa ta gidan waya. Kowane kulob ya yi harbinsa a filinsa a kan kati mai hatimi, gaban shaida, a sa katin a ambulan a aika wa alƙalin gasa. Da haka ƙauye ke karawa da birni ba wanda ya biya kuɗin jirgi. Daga 1909 har Ingila da Amurka suka riƙa karawa ta wannan hanya a kan Kofin Dewar.

Mata ma suka shigo, ƙaramar bindiga ba ta bukatar ƙarfin ƙirji. Amma wadda ta ba duniya mamaki da babbar bindiga ta yi. Marjorie Foster, mai kiwon kaji a Frimley kusa da Bisley, ta soma harbi tun tana yarinya. Ta yi aikin tuƙa mota a Yaƙin Duniya na Farko, wannan ya ba ta damar shiga babbar gasa, wadda a lokacin ake kira Kyautar Sarki. Cikin 1930 ta ci maki 280 daga 300, ta kada dukan mazaje. Aka ɗora ta a kujera aka zagaya da ita a kafaɗa kamar yadda aka saba yi wa wanda ya ci, motar kashe gobara ta garinsu ta kai ta gida, mutanen gari kuma suka yi karo-karo suka saya mata mota. Sai da aka shekara 70 kafin wata mace, Joanna Hossack, ta sake cin kyautar cikin 2000.

Ƙofar da aka buɗe ba ta zauna a buɗe haka ba. Tun 1920 doka ta ce ba mai mallakar irin waɗannan bindigogi sai da takardar 'yan sanda, ko da yake an bar ɗan kulob ya yi harbi da ta kulob ba takarda. Ran 13 ga Maris, 1996, wani mutum mai takardar bindiga, wanda kuma ya saba zuwa kulob, ya shiga makarantar firamare ta Dunblane a Sikotlan ya kashe yara 16 da malamarsu. Cikin 1997 aka hana mutanen gari riƙe bindigar hannu a Ingila da Sikotlan da Wales, aka kuma tsananta sharuɗɗan kulob. Yanzu wanda ya nemi shiga sai an kai sunansa ga 'yan sanda, ya kuma yi aƙalla wata 3 na gwaji, ba ya harbi sai da mai lura a bayansa. Ranakun da kulob ke iya gayyatar baƙi su zo su gwada ba su wuce 12 a shekara ba. Saboda haka kulob da yawa sukan fara wa yara da sababbin shiga da bindigar iska, wadda ba ta aiki da albarushi, a tazarar mita 10 cikin ɗaki.