Karoshi

Karoshi (da rubutun Japananci: 過労死) kalma ce da ke nufin mutuwa saboda yawan aiki. Ana amfani da ita ga ma'aikacin da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya kashe bayan ya daɗe yana aiki na tsawon sa'o'i ba tare da isasshen barci da hutu ba. Haka kuma ta haɗa da wanda matsin aiki ya jefa cikin ciwon damuwa har ya kashe kansa. Dokar ƙasar Japan ta san da karoshi, kuma akwai ma'aunin da hukuma ke bi ta tabbatar da shi. Idan aka tabbatar, iyalan mamacin suna karɓar diyya daga inshorar haɗarin aiki. Wannan ya sa Japan ta zama misalin da ake yawan kawowa idan ana maganar matsin lamba a wurin aiki, da illolinsa, da hanyoyin magance shi.

Asalin kalmar

Kalmar ta ƙunshi gaɓoɓi uku masu ma'ana: ka, wato wuce kima, ro, wato aiki ko wahala, da shi, wato mutuwa. Wasalin da ke cikin ro dogo ne, shi ya sa wasu ke rubuta kalmar karoushi. Idan kashe kai ake nufi, ana cewa karojisatsu, domin jisatsu shi ne kashe kai da Japananci. A shekarar 2002 ƙamus ɗin Oxford na Turanci ya shigar da karoshi cikin kalmominsa ba tare da fassara ta ba.

Tarihi

Mutuwar da aka fi ambata a matsayin ta farko ta faru ne a 1969, lokacin da wani ma'aikaci mai shekara 29 a sashen aika jaridu na wani babban kamfanin jarida ya mutu da shanyewar ɓarin jiki. A lokacin tattalin arziƙin Japan yana bunƙasa da sauri, kuma ana ɗaukar doguwar ranar aiki a matsayin sadaukarwa ga kamfani da ƙasa.

Wani likita mai suna Tetsunojo Uehata ne ya fara yaɗa kalmar a tsakanin masana a 1978. A 1982 shi da wasu likitoci biyu suka wallafa littafi mai suna Karoshi. A 1988 wasu lauyoyi da likitoci suka buɗe layin waya domin iyalan waɗanda abin ya shafa, suka sa masa suna Karoshi 110, saboda 110 ita ce lambar kiran 'yan sanda ta gaggawa a Japan. Yawancin masu kira matan aure ne da mazajensu suka faɗi a ofis, ko a hanya, ko a gida. Daga nan kafofin watsa labarai suka ɗauki maganar, iyalai kuma suka kafa ƙungiyoyi suna neman diyya da canjin doka.

Dalilai

Dalili na farko shi ne tsawon lokacin aiki. Dokar ƙwadago ta Japan ta 1947, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta ƙayyade aiki sa'a 8 a rana, sa'a 40 a mako. Sai dai sashe na 36 na dokar ya ba kamfani damar ƙulla yarjejeniya da wakilan ma'aikata domin a yi aikin ƙarin lokaci. Shekaru da yawa, idan aka sa wani sharaɗi na musamman a cikin yarjejeniyar, babu wata iyaka da doka ta gindaya wa sa'o'in.

Na biyu shi ne aikin da ba a rubutawa kuma ba a biya, wanda Japanawa ke kira sabisu zangyo. Ma'aikaci yakan rubuta cewa ya tashi, sannan ya koma teburinsa ya ci gaba da aiki, ko ya tafi da aikin gida. Irin wannan yana ɓoye ainihin nauyin da ke kan ma'aikaci, yana kuma wahalar da iyalansa idan suka zo neman hujja bayan mutuwarsa.

Na uku al'adar ofis ce. A manyan kamfanonin Japan an daɗe ana ɗaukar matashi aiki daga gama makaranta, ya zauna har ya yi ritaya, albashinsa da muƙaminsa na ƙaruwa da daɗewarsa. Wanda ya bar aiki a tsakiya yakan yi asara mai yawa, don haka mutane sukan jure abin da ya fi ƙarfinsu. Ƙaramin ma'aikaci yakan ji nauyin tashi kafin maigidansa, kuma bayan an tashi akwai zaman ciye-ciye da shaye-shaye da abokan aiki wanda ƙin zuwansa ke da wuya. Na tsawon shekaru, kusan rabin hutun shekara da doka ta ba su kawai ma'aikata ke ɗauka.

Na huɗu shi ne yanayin aikin kansa. A 1979 wani masani Ba'amurke mai suna Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda ake buƙatar abu mai yawa daga ma'aikaci, amma ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi ko lokacin da zai yi shi. Idan aka ƙara da tsangwama daga shugaba, da wa'adin da ba zai yiwu a cika ba, da rashin wanda za a kai wa kuka, haɗarin yana ƙaruwa. Raguwar matasa a Japan ma ta jawo ƙarancin ma'aikata a fannoni irin su tuƙin manyan motoci, da gine-gine, da aikin asibiti, sai nauyin ya koma kan waɗanda suke nan.

Yadda yake cutar da jiki

Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol. Zuciya takan ƙara bugawa, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a cikin jini. Wannan shiri ne na ɗan lokaci domin fuskantar haɗari, kuma jiki yana komawa daidai idan aka huta. Idan matsin ya ɗore wata da watanni babu barci, hawan jini yakan zauna, jijiyoyi su lalace, har ta kai ga toshewar jijiyar zuciya, ko toshewa ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan aiki kuma ba ya samun lokacin motsa jiki ko zuwa asibiti, kuma yakan ƙara shan taba ko barasa.

A ɓangaren ƙwaƙwalwa, alamun sukan fara da rashin barci, da saurin fushi, da mantuwa, da rashin sha'awar abin da mutum ya saba so. Daga nan ciwon damuwa yana iya shiga, mutum ya ga kamar ba shi da mafita. Likitoci suna ɗaukar maganganun yanke ƙauna daga bakin ma'aikacin da ya gaji a matsayin alamar da ke buƙatar kulawar gaggawa.

A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka mutu a duniya a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Ƙiyasin ya nuna cewa irin wannan aiki yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da aikin sa'a 35 zuwa 40.

Layin karoshi

A da, sai iyalai sun nuna cewa wani abu na ban mamaki ya faru a wurin aiki dab da mutuwar kafin a biya diyya. A 1987 aka fara duba makon da ya gabaci mutuwar. A 2001 ma'aikatar da ke kula da lafiya da ƙwadago ta amince cewa gajiya tana taruwa, ta faɗaɗa binciken zuwa wata shida. Ma'aunin da ta kafa shi ake kira layin karoshi: ƙarin aikin sa'a 100 a watan da ya gabaci ciwon, ko matsakaicin sa'a 80 a wata cikin wata biyu zuwa shida.

Lissafin ya dogara ne kan barci. Sa'a 80 a wata tana nufin ƙarin kusan sa'a 4 kullum, wato aikin sa'a 12 a rana. Idan aka cire lokacin tafiya da cin abinci da wanka, abin da ya rage na barci bai wuce sa'a 6 ba. Mai ƙarin sa'a 100 kuwa kusan sa'a 5 yake samu. A 2021 aka sake gyara ma'aunin, ta yadda ko sa'o'in ba su kai layin ba ana iya tabbatar da karoshi idan akwai wasu nauye-nauye, kamar ƙarancin hutu tsakanin tashi daga aiki da komawa.

Fitattun shari'o'i

A 1991 wani ma'aikaci mai shekara 24 a kamfanin talla na Dentsu ya kashe kansa bayan watanni yana kwana a kan aiki. A watan Maris na 2000 Kotun Ƙolin Japan ta yanke cewa wajibi ne kamfani ya kula kada gajiya ta lalata lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwar ma'aikacinsa. Daga baya kamfanin ya biya iyayen kusan yen miliyan 168.

A 2002 wani ma'aikacin Toyota mai shekara 30 ya faɗi ya mutu a masana'anta yana aikin dare. A 2007 kotun Nagoya ta tabbatar da cewa karoshi ne, ta kuma ƙirga tarukan inganta aiki da ake cewa na sa kai ne a cikin sa'o'in aikinsa.

A 2013 wata 'yar jarida mai shekara 31 a gidan rediyo da talabijin na NHK ta mutu da ciwon zuciya bayan ƙarin aikin sa'a 159 a wata guda, lokacin da take ɗauko rahotannin zaɓe. Sai a 2017 gidan ya bayyana wa jama'a labarin.

A ranar 25 ga Disamba, 2015, wata sabuwar ma'aikaciyar Dentsu mai shekara 24 ta kashe kanta. Hukumar ƙwadago ta gano cewa ta yi ƙarin aikin kusan sa'a 105 a wata guda. Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya sanar da murabus ɗinsa a ƙarshen 2016, kuma a 2017 kotu ta ci kamfanin tarar yen 500,000, abin da mutane da yawa suka ga ya yi kaɗan ƙwarai.

Matakan magancewa

A 2014 majalisar dokokin Japan ta zartar da dokar hana karoshi bayan iyalan mamata sun tattara sa hannun jama'a. Dokar ta ɗora wa gwamnati alhakin bincike, da wayar da kai, da fitar da rahoto duk shekara, ta kuma ware watan Nuwamba domin faɗakarwa. Rahoton farko, na 2016, ya nuna cewa kusan kashi 23 cikin 100 na kamfanonin da suka amsa tambayoyi suna da ma'aikatan da ke wuce ƙarin sa'a 80 a wata.

Daga Disambar 2015 aka wajabta wa duk wurin aiki mai mutum 50 ko fiye ya riƙa auna matsin da ma'aikata ke ciki sau ɗaya a shekara ta hanyar takardar tambayoyi. Ma'aikaci ake ba sakamakon, kuma ba a nuna wa kamfani sai da yardarsa. Wanda aka ga matsinsa ya yi yawa yana da damar ganin likita, likitan kuma ya ba kamfani shawarar rage masa aiki ko canza masa wuri.

A 2018 aka zartar da dokar da ta sa wa ƙarin lokaci iyaka a karon farko, tare da hukunci ga wanda ya karya ta: sa'a 45 a wata, 360 a shekara. A yanayi na musamman ana iya kaiwa sa'a 720 a shekara, amma kada a kai 100 a wata guda, kuma kada matsakaicin ya wuce 80. Dokar ta fara aiki kan manyan kamfanoni a Afrilun 2019, kan ƙanana a Afrilun 2020, sannan kan direbobi da magina da likitoci a Afrilun 2024. Ta kuma wajabta wa kamfani ya tabbatar ma'aikaci ya ɗauki aƙalla kwana 5 na hutunsa a shekara. Daga 2020 aka fara wajabta wa kamfanoni ɗaukar matakan hana shugabanni tsangwamar na ƙasa da su.

Suka

Iyalan mamata da lauyoyinsu sun soki dokar 2018 da cewa iyakar da ta sa daidai take da layin karoshi, wato ta halatta aiki har zuwa inda gwamnati da kanta ta ce ana mutuwa. An kuma bar wa wasu likitoci damar kaiwa ƙarin sa'a 1,860 a shekara. Shirin da aka ƙaddamar a 2017 na roƙon kamfanoni su sallami ma'aikata da ƙarfe 3 na yamma a Juma'ar ƙarshen wata bai samu karɓuwa ba, domin aikin da ke jira bai ragu ba. Masana lafiyar ma'aikata suna cewa shawarar barci da motsa jiki da ganin likita tana taimakon mutum, amma ba ta isa idan ba a rage yawan aikin ba, ba a ƙara ma'aikata ba, kuma ba a rubuta sa'o'in aiki da gaskiya ba.

A wasu ƙasashe

A Koriya ta Kudu ana kiran wannan mutuwa gwarosa, kuma a 2018 ƙasar ta rage iyakar aikin mako daga sa'a 68 zuwa 52. A ƙasar Sin ana cewa guolaosi. A can an san tsarin 996, wato aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6 a mako, wanda Kotun Ƙolin ƙasar ta bayyana a 2021 cewa ya saɓa wa doka.