Samanja Mazan Fama: Wasan Da Ba A Rubuta Ba

A ganina, duk mai nazarin tarihin barkwanci a ƙasar Hausa ba zai tsallake Usman Baba Pategi ba. An haife shi a 1942 a garin Pategi na ƙasar Nufawa, ya kuma yi aikin soja a zamanin yaƙin basasa. A bariki ya tsinci irin Hausar nan ta sojoji, mai gauraye da Turanci, wadda ta zama jarinsa.

Kafin zamaninsa, 'yan kama su ne masu ba jama'a dariya a dandali, suna kwaikwayon malamai da mawaƙa da zancen abinci. Shi kuwa sai ya kwaikwayi soja. Cikin shekarun 1970 shirinsa na Samanja ya shahara a rediyo da talabijin na Kaduna, alhali sojoji ke mulkin ƙasa. Ta haka talaka ya sami damar yi wa mai kaki dariya ba tare da ya sha bulala ba.

Wasannin talabijin na wancan zamani galibi ba a rubuta su baki da baki. Akan tsara labari ne kawai, sannan kowa ya ƙago maganarsa nan take. Saboda haka ba mu da littafin da za mu buɗe mu ga gwanintarsa.

Ya rasu a 2023. Ya kamata mu ɗalibai mu nemi faya-fayensa mu juye su a takarda, don kada adabin ya bi mai shi. Allah ya jiƙansa, amin.