Suna kafin zane: ragar Galen da littafin Vesalius na 1543

Masu rubuta tarihin zanen jikin ɗan Adam sukan ɗauki shekara ta 1543 a matsayin mafari, wato shekarar da aka buga babban littafin Andreas Vesalius, wanda Faransawa ke kira André Vésale, a birnin Bal na ƙasar Suwis. Mu ba likitoci ba ne, kuma ba mu da niyyar shiga gonarsu. Abin da za mu duba a nan ɗan ɓangare ne da ya shafi harshe: dangantakar da ke tsakanin sunan gaɓa da zanenta. Ana zaton ido ne ke fara gani, sannan baki ya raɗa suna. A ganinmu, sau da yawa sunan ne ke gaba, hannun mai zane yana biye da shi.

Galen, likitan nan Bagirke da ya yi aiki a Roma a ƙarni na 2, bai dogara da feɗe gawar mutum ba, domin al'adar zamaninsa ba ta yarda da haka ba. Birai da aladu da shanu da tumaki ya feɗe. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya ga wasu ƙananan jijiyoyin jini masu sarƙe da juna, waɗanda aka sani da Latinanci da sunan rete mirabile, wato raga mai ban mamaki. Rago yana da ita, sa ma haka. Mutum kuwa ba shi da ita. Amma da yake ta samu suna, ta kuma samu aiki a bayanin Galen game da ƙwaƙwalwa, sai ta zauna daram cikin littattafai sama da shekara 1,300.

Kalmomin Galen sun yi doguwar tafiya. A ƙarni na 9 Hunain ibn Ishaƙ ya fassara ayyukansa da dama zuwa Siriyanci da Larabci a Bagadaza, daga ƙarni na 11 kuma aka shiga juya littattafan Larabci zuwa Latinanci a Italiya da Andalus. Sawun wannan tafiya yana nan a Faransanci. Sunan fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, dure-mère, fassara ce kalma da kalma daga Larabci ta hanyar Latinanci. Nuque kuma daga nukha'u ta fito, mai nufin lakar da ke cikin ƙashin baya, kafin ma'anarta ta karkata zuwa ƙeya. Zane bai rabu da littattafan kwata-kwata ba: wajejen ƙarshen ƙarni na 14 Mansur ibn Ilyas na Shiraz ya rubuta littafi da Farisanci mai siffofin mutum a tsugunne, kowace da nata fanni, ƙasusuwa ko tsoka ko jijiyoyi. Sai dai aikin irin waɗannan siffofi shi ne taimaka wa ɗalibi ya riƙe abin da nassi ya faɗa.

Shi kansa Vesalius daga nan ya fara. A 1538, yana sabon malami a jami'ar Padu, ya fitar da alluna shida don ɗalibansa, da sunayen gaɓoɓi cikin Latinanci da Girkanci da Ibrananci da Larabci. A cikinsu ya zana ragar Galen, ya kuma ba hanta rassa biyar kamar yadda magabata suka koyar. Ga mutumin da ke feɗe gawa da hannunsa, amma abin da ya karanta shi ya zana. Bayan shekara biyar, a cikin De humani corporis fabrica, ya janye maganar, har ya amsa cewa a da yakan tanadi kan rago ko na sa lokacin feɗa a gaban jama'a, don ya nuna abin da ya kasa samu a kan mutum. Ba shi ne ya fara musun ragar ba: Berengario da Carpi na Boloniya ya riga shi da kimanin shekara 20. Sai dai littafin Vesalius ne ya yi tasiri, kuma muna ganin dalilin yana cikin tsarinsa.

An sassaƙa zane-zanensa, sama da 200, a kan katako a Benis, aka tsallaka da su duwatsun Alf zuwa maɗaba'ar Oporinus. Tun da katako ɗaya ke buga kowane kwafi, mai karatu a Paris da na Padu abu ɗaya suke kallo, saɓanin zamanin kwafar hannu. Bugu da ƙari, a kan kowace gaɓa akwai ɗan harafi, na Latinanci ko na Girkanci, wanda ke kai mai karatu ga jerin sunaye. Ke nan duk sunan da ba a samu inda za a ɗora harafinsa ba ya shiga tuhuma. Katakan sun ƙone a Munik lokacin yaƙin duniya na biyu.

Wannan bai kashe rikicin sunaye ba, ya dai fito da shi fili. Sai a 1895, a Bal ɗin dai, masana suka amince da jeri guda na Latinanci mai suna wajen 5,000. An sake shi a Paris a 1955, sannan Terminologia Anatomica ta fito a 1998.

Ga masu shirya littattafan kiwon lafiya da Hausa, matsalar ba baƙuwa ba ce. Sunayen kayan ciki da muke da su, hanta da huhu da saifa da ƙoda, mun fi ganin abin da suke nufi a teburin mahauci. Tumbi ma na dabba mai tuƙa ne kafin a ara wa mutum. Kalmar jijiya kuma ita kaɗai ke ɗauke da abin da Faransanci ya raba huɗu: veine, artère, nerf da tendon. Ba mu ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin tsohon Girkanci ma da kalmar neuron yake kiran biyun ƙarshe. Amma ranar da za a zana dantse a allon gidan likita, kibiya huɗu za su fito daga zanen, kuma kowace sai an rubuta mata suna a gefe.