Jurji Zaidan da Soyayyar da Ta Koyar da Tarihi

Waɗanda suka yi karatun Larabci a Sudan ko Masar, da wuya a ce ba su ci karo da sunan Jurji Zaidan ba. An haife shi a Bairut a 1861, ya koma Alƙahira, inda ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892, ya rasu a 1914. Kirista ne, amma ya bar ƙagaggun labarai sama da 20, galibinsu a kan tarihin Musulunci.

Zaidan ya lura talaka ba ya jure wa littafin tarihi mai jera sarakuna da shekaru. Sai ya riƙa ɗaukar saurayi da budurwa ya jefa su tsakiyar yaƙi ko rikicin fada. Mai karatu na bin su don ya ga ko za su auri juna, kafin ya ankara ya san yadda aka ci Andalus. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: kowa ya san zafin rabuwa, ko da bai san sunan halifa ba.

Sudan ma ta shiga alƙalaminsa. A 1884 ya raka rundunar Ingila da ta bi Kogin Nilu don ceto Gordon, yana aikin tafinta, daga baya ya rubuta Asirul Mutamahdi, labarin masoyan da yaƙin Mahadi ya raba.

Sai dai zumar tana da harbi. A littafinsa kan Abbasa, 'yar'uwar Haruna Rashid, ya jingina kisan waziri Ja'afar Barmaki a 803 ga auren da ke tsakaninsu. Tun ƙarnoni kafin haka Ibn Khaldun ya ƙaryata wannan riwaya a Muƙaddimarsa. Wanda ya tsaya ga labarin kaɗai zai ɗauki ƙage a matsayin tarihi.

To, mu fa? Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Maiwurno yake a yau. Fataken goro kuwa sun yi ta zarya tsakanin Kano da Salaga, wasu suka yi aure a zango ba su koma ba. Mata nawa aka bari da jiran da bai ƙare ba? Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna hanya a Shaihu Umar, inda uwa ta keta Sahara neman ɗanta.

'Ya'yanmu suna tashi da Larabci ko Faransanci ko Turanci, da yawansu ba su san abin da ya fito da kakanninsu ba. In marubutanmu suka ba su wannan tarihi cikin labarin da zuciya ke so, suka kuma bambance musu gaskiya da ƙari, za su karanta. Allah ya ba mu masu alƙalamin.