Daga Mawashi zuwa Injin Wasa Wuƙa na Lantarki

Injin wasa wuƙa na lantarki ƙaramar na'ura ce ta ɗakin girki, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. A cikinta akwai injin juyi mai jujjuya faya-fayai masu kaushi, a samanta kuma akwai tsagogi da ake zura wuƙa a ciki, a jawo ta a hankali daga gindi zuwa tsini. Aikin da take yi shi ne wanda mawashi ke yi tun zamanin da: cin ƙarfe kaɗan daga kowane gefe na bakin wuƙa har gefen biyu su haɗu a siririn kaifi. Domin a yi wannan sai da abin da ya fi ƙarfe tauri, da ƙarfin da zai motsa shi, da kuma hannun da zai riƙe wuƙar a karkace ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da ya ƙona ta ba. Biyun farko ba su daɗe suna ba masu ƙera na'urori wahala ba. Na ukun, wato maye gurbin hannun gwani, shi ya ci shekaru kusan saba'in bayan lantarki ya shiga gidaje.

Mutanen da sun san cewa ba kowane dutse ne ke wasa ƙarfe ba, kuma sukan yi fataucin nagari zuwa nesa. Marubucin Rumawa Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya jera duwatsun washi na zamaninsa, ya ce na tsibirin Karita da na Lakoniya sai an shafa musu mai, na Naksos da na Armeniya kuwa ruwa suke so. Wannan rabe-raben na dutsen mai da dutsen ruwa har yau ana bin sa. A zamanin Bayikin, duwatsun Eidsborg na ƙasar Norwe sun bi jiragen ruwa har Ingila da gaɓar tekun Baltik. Daga baya aka san rawayen dutsen Beljiyam, da farin dutsen Arkansas a Amurka, da duwatsun da ake haƙowa a kewayen Kyoto na Japan.

Babban sauyi na farko shi ne da aka bar wuƙa ta tsaya, dutse ya riƙa zagayawa. Hoto mafi daɗewa da aka sani na dutsen washi mai juyawa da mariƙi yana cikin wani kwafin Zabura da aka zana wajajen shekara ta 830, wanda ke ajiye a Utrecht ta ƙasar Holan: mutum ɗaya yana murza mariƙi, ɗaya yana wasa takobi. Garuruwan maƙera suka ɗora wannan dabara a kan ƙarfin kogi. A Sheffield ta Ingila ƙananan koguna irin su Porter da Rivelin da Loxley suka riƙa juya manyan duwatsun yashi, kuma ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikatu, Shepherd Wheel, tana nan an mai da ita gidan tarihi. A Thiers ta Faransa masu washi rub da ciki suke aiki a kan katako bisa dutsen, a bakin kogin Durolle, da kare kwance a kan ƙafafunsu yana ɗumama su saboda sanyi da laima.

Sana'a ce mai cin rai. Ƙurar dutse da ta ƙarfe takan taru a huhu, ta toshe numfashi. A littafinsa na 1845 kan halin ma'aikatan Ingila, Friedrich Engels ya kawo bayanin likitocin Sheffield cewa masu washi a busasshen dutse da ƙyar suke kai shekara 35, masu jiƙaƙƙen dutse kuma ba safai suke wuce 45 ba. Wani lokaci dutsen da kansa yakan fashe yana cikin gudu, ya kashe wanda ke kansa.

Wannan duk aikin ma'aikata ne, inda ake fitar da sabuwar wuƙa. Wuƙar da ta dakushe a gida kuwa mai washi na yawo take jira. Wasu yankunan duwatsu na Turai, inda noma ba ya ciyar da iyali, sun shahara da fitar da irin waɗannan mutane. Lardin Ourense na Sifaniya ya tura 'ya'yansa da wili a kafaɗa ko a kan keke har Kudancin Amurka, suna busa wata 'yar sarewa da kowace uwargida ta san muryarta, kuma suna da zaurancensu da ake kira barallete. Mutanen kwarin Rendena na arewacin Italiya suka bazu zuwa Landan da New York, inda zuriyar wasunsu ta kafa kamfanonin wasa wuƙaƙen mahauta da gidajen abinci. Abin da ake biya wa kuɗi a wurin waɗannan mutane gwanintar hannu ce. Mai washi yana jin nauyin da ya ɗora a yatsunsa, yana sauraren kukan ƙarfe a kan dutse, yana tsoma wuƙa a ruwa kafin ta yi zafi, sannan ya shafa babban yatsa a gefen baki ya ji ko ɗan ƙarfen da ke lanƙwasowa ya fito, alamar cewa gefen biyu sun haɗu.

Dutsen da aka haƙo daga ƙasa ba ya zama iri ɗaya, kuma ba ya jure gudu sosai. Maganin wannan ya fito daga hannun Edward Goodrich Acheson, wanda ya taɓa aiki da Thomas Edison. A 1891, a garin Monongahela na jihar Pennsylvania, ya zuba yumɓu da garin gawayin kwal a kwanon ƙarfe, ya bi da wutar lantarki mai ƙarfi ta ciki, da fatan samun daimon. Bai samu ba, amma ya tarar da wasu ƙwayoyi masu ƙyalli da ke karce gilashi. Ya sa musu suna Carborundum, ya yi musu rajista a 1893, a 1895 kuma ya mayar da ma'aikatarsa Niagara Falls saboda arahar wutar da ruwa ke samarwa. Kamfanin Norton na garin Worcester ya biyo da nasa dutsen da ake narkarwa a tanderun lantarki, mai suna Alundum. Daga nan aka iya ƙera dutsen washi ƙarami, mai arha, da kaushin da ake so.

Ƙarfin juyawa ya zo ba da daɗewa ba. Kamfanin Hamilton Beach, wanda aka kafa a Racine ta jihar Wisconsin a 1910, ya ƙware a ƙananan injunan juyi masu gudu, ya fitar da wanda ake jona wa keken ɗinki, sannan ya ƙara masa 'yan kayan da ake ɗaurawa, ciki har da dutsen wasa wuƙa da abin goge cokulan azurfa. Mixmaster na Sunbeam, injin kaɗa ƙullu da ya fito a 1930, shi ma an yi masa irin wannan ƙari. To amma kasuwa ba ta buɗe sosai ba sai da wuta ta game gidaje. A 1930 kusan gida bakwai cikin goma a Amurka ke da lantarki, a gonaki kuwa kusan ɗaya ne cikin goma, har sai da dokar kai wuta karkara ta 1936 ta fara cike giɓin.

A daidai wannan lokaci wuƙar kanta ta canja. A 1913 Harry Brearley na Sheffield, yana binciken ƙarfen bututun bindiga, ya haɗa ƙarfe mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari, wanda ba ya tsatsa. Matan gida suka yi maraba da shi domin ya raba su da gugar wuƙa kullum, sai dai na farko-farkon sun yi ƙaurin suna wajen rashin kaifi, kuma irin wannan ƙarfe ya fi tsohon wuyar wasawa a ɗan dutsen gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalai da yawa a Amurka suka koma sababbin unguwanni na bayan gari, inda mai washi na yawo ba ya yawan bi. Ga wuƙa mai wuyar washi, ga gwani ya yi nisa, ga soket a kowane bango.

A 1956 kamfanin Union Die Casting na Los Angeles ya fitar da na'ura mai suna Udico, wadda ke buɗe gwangwani ta gaba, tana wasa wuƙa ta baya. Ta karɓu nan da nan, wasu kamfanoni suka kwaikwaya, har ya zama abin da aka saba gani a shekarun 1960 da 1970 mabuɗin gwangwani na lantarki da 'yar tsagar washi a bayansa. Ta wannan hanya wasa wuƙa da lantarki ya shiga gidajen Amurka da yawa, kuma ta wannan hanya ya ɓata sunansa. Dutsen guda ɗaya ne, mai kaushi, yana zagayawa sau dubbai a minti ɗaya, babu ruwa. Tsagar tana da faɗi, wuƙa tana rawa a ciki, saboda haka kowane ja da tasa karkatar. Abin da ya fi muni shi ne zafi. Maƙeri yakan gasa wuƙa har ta yi ja, ya tsoma ta a ruwa ko mai ta yi tauri, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan, wajajen digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, don kada ta riƙa karyewa. Bakin wuƙa siriri ne ƙwarai, ba shi da kaurin da zai shanye zafi, don haka daƙiƙa kaɗan a kan busasshen dutse mai gudu sun isa su wuce da shi wannan mataki. Wani lokaci ana ganin launin ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, wani lokaci ido ba ya ganin komai, amma taurin ya tafi. Wuƙar takan fito da kaifi mai kaushi, ta yanka tumatir yau, jibi ta dakushe, a sake mayar da ita, a sake cin ƙarfe. Masu dafa abinci da mahauta sun yi gaskiya da suka hana a kusantar da wuƙaƙensu ga irin wannan na'ura.

Gyaran ya biyo ta hanyar daimon ɗin da Acheson ya nema bai samu ba. A watan Disamba na 1954 Tracy Hall, a ɗakin binciken General Electric da ke Schenectady, ya samar da daimon ta hanyar matsi da zafi mai tsanani, kuma cikin 'yan shekaru garin daimon na masana'antu ya zama haja. Amfaninsa a washi shi ne yana yankan ƙarfe ba sai an danna ba, kuma inda babu dannawa zafi yakan ragu.

Wanda ya haɗa wannan da maganin rawar hannu shi ne Daniel Friel, injiniyan da ya yi shekaru masu yawa a kamfanin DuPont. Bayan ya yi ritaya ya kafa EdgeCraft a Avondale ta jihar Pennsylvania, a 1985 kuma ya fitar da na'urar farko mai suna Chef'sChoice. A jikin kowace tsaga ya sa maganaɗisu da ke kama gefen wuƙa ya kwantar da ita a karkatar da aka riga aka auna, ta yadda mai amfani ba shi da aiki sai ja. Ya kuma raba aikin zuwa mataki uku. Na farko mai kaushi ne, yana fitar da sabon baki. Na biyu da na uku suna ƙara laushi, kowanne kuma a kusurwa da ta ɗan fi ta baya buɗewa. Bakin da ke fitowa yana da kafaɗa a bayansa da ke tallafe shi, don haka ya fi daɗewa kafin ya lanƙwashe. Samfuran da suka biyo baya sun sauya maganaɗisu da sifirin na roba, suka mai da mataki na ƙarshe faifai mai taushi da ke share ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso, kwatankwacin yadda wanzami ke goga aska a fata. A nan ne injin ya fara yin abin da hannun mai washi ke yi, kuma a nan ya cancanci a ajiye shi kusa da wuƙa mai tsada.

Wasu sun bi wata hanyar. A Suwidin, Torgny Jansson ya fara Tormek a 1973 da tsohon dutsen ruwa, ya ba shi injin da ke juya shi a hankali, kusan sau 90 a minti, gindinsa cikin ruwa, da maƙalai masu riƙe kusurwa. Kamfanin Darex na Ashland a jihar Oregon ya fitar da Work Sharp, mai aiki da siririn bel na sampefa wanda ke ɗan lanƙwasawa ya ba baki ƙundu, dabarar da ma'aikatun wuƙa suka daɗe suna amfani da ita.

Na'urar Friel ta ginu a kan zaton cewa wuƙar girki tana da kusurwar digiri 20 a kowane gefe, kamar yadda Jamusawa da Faransawa suka saba yi. Wuƙaƙen Japan suka rushe wannan zato. Wuƙar Global, wadda Komin Yamada ya zana a 1985, da wuƙar santoku da ta mamaye kasuwar Amurka a farkon shekarun 2000, ƙarfensu ya fi tauri, bakinsu kuma kusan digiri 15 ne. Wanda ya zura irinsu a tsagar 20 ya mayar da su abin da ba su ba. Dole masu ƙera injin suka fitar da na 15, da masu tsaga iri biyu, kuma manyan kamfanonin Solingen, irin su Wüsthof, su ma suka rage kusurwar wuƙaƙensu zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka kaɗan.

Har yanzu akwai inda injin ba ya kaiwa. Wuƙar Japan mai baki ta gefe ɗaya, irin ta yankan ɗanyen kifi, mawashin ruwa take bukata. Wuƙar tangaran sai daimon, mai haƙora kuma sai mataki na ƙarshe kawai. Injin da aka yi wa wutar Amurka mai bolt 120 yakan ƙone idan aka jona shi kai tsaye a wutar Najeriya ko Nijar mai bolt 220 zuwa 230. Sannan akwai matsalar ƙullutun ƙarfen da ke tsakanin ƙota da ruwan wuƙa a tsofaffin wuƙaƙen Jamus: yana hana gindin baki shiga tsaga, sai injin ya yi ta cin gaba ya bar baya, bayan shekaru wuƙa ta yi rami kusa da ƙota, ta daina taɓa katakon yanka. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin sababbin wuƙaƙen girki ake yin su da rabin ƙullutu ko babu shi sam, domin a iya wasa bakin tun daga gindi har tsini.