Suna Ɗaya, Inji Daban: Ƙananan Motocin Gudu na Japan da Hanyar da Suka Biyo Zuwa Zangunan Accra

Abin da masu ƙera motoci suke nufi da ƙaramar motar gudu shi ne mota mai ɗan ƙaramin jiki da rashin nauyi, wadda aka ɗora wa inji mai ƙarfin da ya zarce buƙatar girmanta, aka taurara mata sifirin da shokozoba domin ta riƙe ƙasa a kan kwana, aka kuma ƙara mata ƙarfin birki gwargwadon ƙarin gudunta. Kamfanonin Japan, musamman Nissan da Toyota da Honda da Mazda, sun shahara da irin wannan ƙira tun ƙarshen shekarun 1960, sai dai mota ɗaya takan fito da siffa uku, ɗaya ta kasuwar Japan, ɗaya ta Amurka, ɗaya ta Turai, kuma bambancin da ke tsakaninsu yakan kai ga inji da giya da ma gefen da sitiyari yake. Wannan bambanci ya shafi mazauna unguwannin Alajo da Nima da Maamobi na Accra kai tsaye, domin kusan duk motar Japan da ke yawo a titunansu an ƙera ta ne domin wata ƙasa, ta yi shekaru a can, sannan ta gangaro tashar jiragen ruwa ta Tema.

Asalin rabuwar yana cikin dokokin haraji na Japan. Shekaru da yawa hukuma a can tana ware motar da injinta bai wuce lita 2 ba, faɗinta bai wuce mita 1.7 ba, tsawonta bai wuce mita 4.7 ba, tana sanya ta a rukunin da harajinsa ke da sauƙi, duk wadda ta haura wannan iyaka kuwa sai a ɗora mata haraji mai nauyi, kuma ba a sassauta wannan tsari ba sai a 1989. Saboda haka lokacin da Nissan ya fitar da Fairlady Z a 1969, ya ba 'yan gida inji mai lita 2, ya aika wa Amurka mota iri ɗaya da inji mai lita 2.4 da sunan Datsun 240Z, wadda Yutaka Katayama, shugaban reshen kamfanin a Amurka, ya tsaya tsayin daka wajen tallata ta. A wancan karo baƙon kasuwa ne ya samu babban inji, ko da yake an keɓe wa Japan wani samfuri mai suna Z432 da ke ɗauke da injin Skyline GT-R mai ƙarfin doki 160. Afirka ta san 240Z ta hanyar tsere, domin ita ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake lashe ta a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Daga baya kuma Toyota Celica ta ci gasar Kwaddibuwa, maƙwabciyar Ghana ta yamma, a 1983 da 1985 da 1986.

Bayan nan al'amarin ya juya. Dokar tsabtace iska da Amurka ta kafa a 1970 ta tilasta wa kamfanoni rage gubar hayaƙi, kuma hanya mafi sauƙi a wancan zamani ita ce a danne ƙarfin inji, don haka Corolla samfurin AE86 da ta fito a 1983 aka rubuta mata doki 130 a Japan, 124 a Turai, 112 a Amurka, alhali sunan injin ɗaya ne. Misalin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Nissan Silvia ta ƙarshen shekarun 1980, wadda a Japan ake samunta da turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa domin ta cusa ƙarin iska a cikinsa, ta je Turai da sunan 200SX da turbo ɗinta, amma ta shiga Amurka da sunan 240SX ɗauke da inji mai lita 2.4 wanda danginsa ne ake sa wa akori-kura, mai doki 140 kacal. Honda ya bi wannan sahu da samfurin da yake kira Type R, sunan da ya keɓe wa mafi zafin motocinsa: Civic Type R ta farko, ta 1997, mai doki 185, ba a sayar da ita a hukumance a wajen Japan ba, Integra Type R kuwa ta samu doki 200 a Japan, 195 a Amurka, 190 a Turai. Wanda ya fi waɗannan ban mamaki shi ne Civic Type R ta 2001, da aka ƙera a Swindon ta Ingila, aka bar wa Turawa mai doki 200, aka ɗora mai doki 215 a jirgi aka kai wa Japanawa, Amurkawa kuma aka ba su Civic Si mai jiki iri ɗaya da doki 160.

Dole ne a karanta waɗannan alƙaluma da hattara, domin ma'aunin doki na Japan da Turai ya ɗan gaza na Amurka, ta yadda 280 a Japan yake zama 276 a Amurka, kuma har tsakiyar shekarun 1980 Japan tana auna inji tsirara ba tare da kayan da ke cin ƙarfinsa ba, abin da ke kumbura lissafi. Ƙari a kan haka, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2004 kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su rubuta wa motar gida fiye da doki 280 ba, kuma sun daɗe suna sa mata na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 180 a sa'a. Wanda ya ɗauki takardar talla ya ce samfurin Japan ya fi ko'ina, ko kuwa na Turai ya fi, ya yi gaggawa, domin kowace takarda da irin mudun da aka auna ta da shi.

Ghana ta shigo wannan tarihi ta ƙofar da ba ta da alaƙa da tsere. A ranar 4 ga Agusta 1974, a zamanin mulkin soja na Ignatius Kutu Acheampong, ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama, bayan Saliyo ta yi haka a 1971 kuma Nijeriya ta yi a 1972, domin ta daidaita da Togo da Kwaddibuwa da Burkina Faso (wadda a lokacin ake kira Upper Volta) da suka kewaye ta. Japan kuwa tana tuƙi a hannun hagu har yau, sitiyarin motocinta na gida yana dama, kuma dokar Ghana ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman. Sakamakon wannan shi ne, a yayin da Kenya da Uganda da Tanzaniya suka zama manyan kasuwannin tsofaffin motoci kai tsaye daga Japan, inda binciken lafiyar mota mai tsada da ake yi bayan shekara uku na farko sannan duk bayan shekara biyu yake sa mutane sayar da motocinsu da wuri, Ghana ta juya fuska zuwa Jamus da Beljiyam da Holan, daga baya kuma Amurka da Kanada da Koriya ta Kudu. Samfuran da aka fi yabo, waɗanda aka keɓe wa Japan, su ne doka ta fi nesanta da direban Accra.

Zangunan Accra sun dace da wannan fatauci tun daga tushensu. Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, yana maƙwabtaka da Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota ta ƙasar, inda ake sauke injuna da akwatunan giya da fitilu da aka kwance daga motoci a ƙasashen waje. Nima, wadda ta taso a shekarun 1930 a ƙasar da Malam Futa ya samu daga wani gidan ƙabilar Ga na Osu, ta zama masaukin Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Mossi da sauran baƙi daga arewa, mutanen da kakanninsu suka san fataucin goro da shanu, suka san dillanci da riƙon amana tsakanin mai gida da baƙonsa. Da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, matasa da yawa daga waɗannan unguwanni suka fita neman abinci, wasu Nijeriya da Libiya, wasu Hamburg, daga baya kuma New York, musamman unguwar Bronx, kuma mota ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗan ci-rani ke aiko da dukiyarsa gida, ko a sayar a yi gini, ko a sa ta haya ta ciyar da iyali. Ta haka ne ƙasar da ɗan unguwa ya sauka ta riƙa yanke irin samfurin da za a gani a ƙofar gidansu.

Motar gudu ta ainihi, irin su 240SX ko Integra Type R, ba ta taɓa yawa a Accra ba, kuma dalilin a fili yake: harajin kwastan yana hawa da girman inji, kuma tsohuwar mota tana jawo tara, tun da dokar 1998 ta hana shigo da wadda ta wuce shekara 10, aka maye gurbin hanin da tara a 2002. Abin da ya cika titi shi ne 'yan uwanta na nesa, kuma a nan ne sanin tarihin samfura yake da amfani ga mai saye. Corolla S ta kasuwar Amurka, wadda matasa ke so saboda ƙawar jikinta da ƙafafunta, injinta ɗaya ne da na Corolla LE ta magidanta, mai lita 1.8 da doki kusan 130. Mai zafin gaske a wannan zuriya ita ce XRS ta 2005 da 2006, mai doki 170 a fitowarta da giyar hannu shida, wadda injinta Toyota ya ƙera tare da Yamaha, kuma injin nan ne ya ba da kusan doki 190 a Corolla T Sport ta Turai da RunX ta Japan. Harafin da ke manne a bayan but yana iya zama ado kawai, kuma ana sayar da irinsa a kasuwa. Makanike mai gaskiya lambar inji da lambar shasi yake dubawa, domin su ne ke faɗin ƙasar da aka yi wa motar da abin da ke cikinta.

Akwai ƙofa ta baya da samfurin Japan ya bi ya shigo duk da dokar, wato juya sitiyari. Toyota Vitz, wadda ita ce Yaris a Turai da Amurka, ta cika titunan Accra a matsayin motar haya a shekarun baya-bayan nan saboda ƙarancin shan mai, kuma galibi daga kasuwar Japan ta fito, an mayar mata da sitiyari daga dama zuwa hagu, sau da yawa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kafin a ɗoro ta. Wannan aiki ya shafi sandar sitiyari da fedar birki da kuloci da wayoyin lantarki da jakar iska mai kare direba, har da fitilun gaba waɗanda aka saita su haska gefen hagu na titi, kuma idan aka yi shi da ganganci rayuka ne ke cikin haɗari. Haɗarin yana ninkuwa a motar da aka yi domin gudu, tun da ƙarfin da ake taƙama da shi duk ta waɗannan sassa da aka yanke aka sake haɗawa yake bi. Haka nan motocin da kamfanonin inshora na Amurka suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, waɗanda ake gyara wa jiki a gareji a fesa musu fenti, suna buƙatar irin wannan taka-tsantsan, kuma mutanen Alajo, da ke zaune a bakin magudanar Odaw, sun san abin da ruwa ke yi wa wayoyin mota ba sai an ba su labari ba.

Yanayin wurin ma yana sake auna kowane samfuri da nasa ma'aunin. Injin da aka saita domin man fetur mai daraja na Japan ba ya ba da cikakken ƙarfinsa da man da aka fi sha a gidajen mai na Ghana, mota mai kusanci da ƙasa tana shan wahala a kan tudun rage gudu da ramukan lungunan Nima, kuma iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce, a babbar hanyar Accra zuwa Tema mai tsawon kilomita 19, wadda aka buɗe a 1965, kilomita 100. Saboda haka samfurin Amurka, wanda masu sha'awar motoci a waje suke raina wa ƙarancin doki, sau da yawa shi ya fi daɗewa a hannun mai shi a Accra, domin injinsa ba ya zaɓen mai, kayansa kuma suna nan birjik a Abossey Okai, makanikan Kokompe a Accra da na Suame a Kumasi sun san cikinsa da wajensa.

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. A 2020 ɗin majalisar dokokin Ghana ta gyara dokar kwastan domin hana shigo da motocin da suka yi haɗari da waɗanda suka wuce shekara 10, amma aka dakatar da aiwatar da hanin bayan ƙorafin dillalai da makanikai da masu sayar da kayan gyara. Manufar gwamnati ita ce jawo kamfanoni su riƙa haɗa motoci a cikin gida, kuma Toyota Tsusho ya buɗe masana'antarsa a Tema a 2021 ya fara da Hilux, Nissan ya biyo baya a 2022 tare da kamfanin Japan Motors ya fara da Navara, aka kuma soma haɗa Suzuki Swift a masana'antar ta Toyota Tsusho. Motocin aiki da na iyali ne waɗannan masana'antu suke fitarwa, don haka matashin Maamobi mai neman ƙaramar mota mai zafi har yanzu a kwantenar da ta taso daga Amurka ko Turai ko Dubai zai neme ta.